Kayan Jegon Nafisa da Filin Jirgin Subang

Ranar da na fara sauka Kuala Lumpur, direban tasi ya zaga da ni dogayen benayen nan tagwaye har sau uku kafin ya kai ni masauki. Ni kuwa ina bayan mota ina ta Masha Allah, a zatona Allah ne ya hore wa garin tagwayen benaye a kowace unguwa. Sai da na kwana biyu 'yan gida suka fahimtar da ni cewa tagwayen nan guda ne, kuɗina ne ya yi ta zagaye. Tun daga ranar na ɗaura gaba da duk wani direban tasi, na koma wa jirgin ƙasa da ƙafafuna.

Karatun digiri na uku ya kawo ni, da girmana da furfurata, ina koyarwa a wata kwaleji a Katsina gwamnati ta ɗauki nauyina. Na kama ɗaki a unguwar Sentul, can sama a wani dogon bene wanda in ka leƙa ƙasa sai jiri ya ɗebe ka. Shekarar farko na sha wuya. Zafin garin mai danƙo ne, ruwan sama ba ya sallama, abinci kuwa komai sai an sa masa sukari da madarar kwakwa, har miya. Duk wannan na jure. Abin da ya karya ni shi ne haihuwar da 'yata Ummi ta yi, haihuwar fari, ta zo ina tsakiyar jarrabawa ba halin tafiya. Ƙanwar mijina ce ta yi mata wankan jego, ta dama mata kunu, ta yi mata gashi. Ni da na haife ta sai dai in kalla ta waya, ina murmushi, in an kashe in kifa kai a filo in yi kuka har in gode wa Allah. Ummi ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini ciwo.

A cikin wannan hali na gamu da Rahila. Muna cikin lif ɗin benenmu ya tsaya cak, na ce da kaina a fili, wannan abu dai ba shi da mutunci. Sai wata mata a bayana ta ce ai jiya ma haka ya yi, da Hausarta tangaran. Na juya na rungume ta ban ko tambayi sunanta ba. 'Yar Pankshin ce, malamar koyar da aikin jinya, ita ma karatu ya kawo ta. Ran Lahadi in ta taso daga coci sai ta yo mini tapau, wato ƙunshin abinci daga shago, da azumi kuma ita ke soya mini ƙosan buɗa-baki tana mitar wai na cika son barkono. Ita ta mayar da ni mutum a garin nan.

Nafisa kuwa a taron Sallah na san ta, a bakin tafkin Titiwangsa inda 'yan Arewa ke shimfiɗa tabarmi kowa ya kawo abin da ya dafa. Yarinya ce 'yar Funtua, shiru-shiru, sa'ar Ummina. Mijinta Nura likita ne, yana ƙarin karatu a Kota Baru, can arewa maso gabas kusa da iyakar Tailan, sun zo ne yin Sallah cikin 'yan uwa. Ta zauna kusa da ni ta ci tuwon shinkafata har ta siɗe hannu, daga nan na zama Anti. Duk mako sai ta kira ni, yau yadda ake kaɗa kuka ba gudaji, gobe yadda ake cire tsatsa a zani. Da ciki ya bayyana ba ta faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba, amma na fara jin tana tambayar abin da ke tsayar da amai.

Cikin yana tsufa sai ga waya daga Funtua. Mahaifiyarta ce, ciwon ƙafa ya sa ta gaba, tafiya mai nisa ta gagare ta. Mun daɗe muna gaisawa, sannan muryarta ta sauya.

"Hajiya, ban san ki ba, amma an ce ke ce babba a can," in ji ta. "Ga amanar Nafisa nan. Don Allah kada ta shiga gida da jariri a hannu ba babba a bakin ƙofa."

Na ce mata in Allah ya yarda ni za ta tarar. Da na ajiye wayar na ji kamar an ba ni kujerar Makka. Abin da ya wuce ni a kan Ummi, ga shi Allah ya sake kawo mini har gida.

Ranar da aka haihu, saƙon da Nura ya turo mini kalma uku ne: an sauka lafiya. Ko mace ko namiji bai faɗa ba. Na kira shi, ya gaishe ni kamar wanda aka kama da laifi, ya ce mace ce, ya ce jibi za a sallame su, ya nemi hanyar kashe waya. Haihuwarsa ta fari ce, kuma yaron an yi masa tarbiyya, ba zai zauna yana taɗin haihuwarsa da sa'ar uwarsa ba. Ko maganar tafiyata kasa yin ta ya yi da baki. Sai ya saya mini tikitin jirgi ya turo hotonsa, a ƙasa ya rubuta, Anti ga shi. Na duba na ga Kuala Lumpur, na ga Kota Baru, na ga rana da lokaci, na sa masa albarka na rufe waya.

To, mu 'yan Najeriya da ke garin nan filin jirgi ɗaya muka sani, wato babban nan da ke Sepang. Nan muke sauka, nan muke rakiya, nan muke zuwa karɓar saƙo in wani ya dawo daga gida. A Katsina filin jirgi ɗaya ne, a Kano ɗaya ne, in ka ce wa mai mota ya kai ka filin jirgi ba zai ce maka wanne ba. Shekara uku ina garin ban taɓa hawa jirgin cikin gida ba, ban kuma taɓa jin cewa an raba jiragen cikin ƙasar gida biyu, wasu daga Sepang wasu daga wani tsohon fili a ɗaya gefen gari.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali, Rahila ta je gida hutu, kuma a ranar tafiyata da safe za ta sauka. Mahaifiyar Nafisa ta sa an kai mata kayan jego har Jos a mota, yaji da kanwa da daddawa da kuka da turaren wuta. Na ce kai, Allah ya tsara mini, in karɓi saƙo a hawa na ƙasa in hau sama in shiga jirgina. Ana gobe tafiya na je Brickfields, unguwar Indiyawa, na sayi gero a shagonsu, sannan na bi layin masu saƙa furanni ina nuna musu hoton ganyen darbejiya a waya. Wata tsohuwa ta gane shi nan take, ta shiga baya ta ɗebo mini runguma guda. Da na yi mata alamar rungumar jariri sai ta ƙara mini wani damin, ta ƙi karɓar komai a kansa.

Da safe na isa Sepang da wuri, na yi kwalliya kamar mai zuwa biki. Rahila ta fito tana tura akwatuna, idanu ja saboda rashin barci, ta yi baƙi ta yi kyau. Muka sami kujera muka baje. Ai ba a karɓar saƙo a tsaye, sai an gaisa. Na tambayi mamanta, da yaranta ɗaya bayan ɗaya, da hanyar Jos, da farashin dankali, da ko an yi ruwa. Ta ciro dambun nama muka ci, ta ba ni labarin wata surukarta da ta sayi firji kafin a kawo wuta ƙauyensu, muka yi dariya har wani Bature ya canja kujera. Sau biyu tana cewa in je in auna kaya, ina cewa ina ruwanki, ai jirgin yana nan saman kanmu.

Da muka hau sama na tsaya gaban allon da ke nuna jirage. Na bi shi daga sama har ƙasa ban ga lambar jirgina ba. Na goge tabarau na sake bi. Akwai Kota Baru, amma ba nawa ba. Muka nufi wata yarinya a teburin tambaya, na miƙa mata waya. Ta duba, ta ɗago ta dube ni da tausayi, ta ce da Turanci jirgin nan ba daga nan yake tashi ba, daga Subang ne. Na ce mata ba nan ne filin jirgin Kuala Lumpur ba? Ta ɗaga yatsu biyu. Ta nuna mini kalmar a jikin tikitin, ga ta nan ƙarama kusa da sunan garin. Ta dubi agogo ta ce tafiyar kusan awa guda ce in hanya da kyau, kuma ta duba sauran jiragen ranar duk sun cika saboda hutun makaranta.

Muryar matar Funtua kawai nake ji a kunnena. Na ga Nafisa tana fitowa daga mota da jariri, ƙofa a rufe, gida ba hayaƙi, kamar yadda na yi ta ganin Ummi a ido shekara biyu. Na ce a raina, ashe ni dai haka aka rubuta mini, kullum ina nesa ranar da ake nemana.

Rahila ce ta finciko hannuna. Na ce ta tafi gida ta huta, ta ce in rufe mata baki. A bakin ƙofa wani mai baƙin tabarau ya tare mu da sulɓin baki, wai yana da mota, wai Subang da nisa sosai, ya faɗi kuɗin da ko Kota Barun zai kai mu. Na ce ga ɗan uwan mai tagwayen benaye, muka wuce shi. Na ciro waya zan kira motar haya ta manhaja, na rubuta sunan filin yadda na ji shi, sai wayar ta nuna mini wani tsibiri a Indonesiya. Na tura wa Rahila hoton tikitin a wayarta tana karanto mini harafi-harafi kamar 'yar aji ɗaya, ni ina dannawa. Da ya fito daidai, sai aka ce motar da ta fi kusa sai ta ɗauki lokaci. Ba shiri Rahila ta ja ni layin tasi, ta tura ni cikin ta farko tun ina cewa ai na yi rantsuwa, ita ma ta shigo.

Direban wani tsohon Ba'indiye ne, siriri, gashin kansa fari fat. Ya tambayi lokacin jirgin, ya dubi agogo, ya dubi sama da ta haɗa hadari, ya ce, "Boleh." Wato zai yiwu. Ya kunna mitar lissafin kuɗi a gabana ya ja mota.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya tsuge, irin wanda ba ka ganin motar gabanka. Ni sai salati nake, Rahila na nata addu'ar a gefe, tsohon ma na ga leɓensa na motsi. Motar nan ta ɗauki addu'a kala uku ran nan. A haka muke ta sauya kayan jego daga akwatin Rahila zuwa jakata, sai ledar yaji ta huje. Tsohon ya fara atishawa, ni na karɓa, Rahila ta ɗora. Ya sauke gilashi ruwa ya feso mana, ya ɗaga yaji ya turnuƙe. Hawaye na zuba masa ya tambaya ko abinci ne ko makami. Rahila ta ce masa na mai jego ne. Ya ce to lallai matan ƙasarmu jarumai ne. Na yi dariya ban san lokacin da ta kubce mini ba.

Muna tsakiyar hanya Nura ya kira. Ya gaishe ni, sannan ya ce an rubuta musu sallama, amma ita ta ce ba za ta tashi daga gadon asibiti ba sai ta ji na sauka. Ko sunanta bai iya kamawa ba. Na ce masa ya gaya mata ina hanya. Ban gaya masa wace hanyar ba.

Tsohon nan ya san garinsa. Da ya ga babban titi ya cushe sai ya saki, ya bi ta bayan wasu masana'antu da unguwanni, ni kuwa zuciyata ta fara raya mini zagayen benaye ne aka sake. Ina shirin magana sai ga wani ɗan ƙaramin gini da jirage masu fanka a bayansa. Subang ke nan, duk girmansa bai fi tashar mota mai tsabta ba. Abin da mita ta nuna shi ya karɓa. Ya fito cikin ruwa ya ɗora jakata a ka, yana gudu da siraran ƙafafunsa har cikin gini. Tun daga ranar na yafe wa direbobin tasi na Kuala Lumpur, har da na farkon.

Mun tarar ana tattara teburin auna kaya. Saurayin da ke wurin ya girgiza kai ya ce an rufe. Kafin in buɗe baki, wata ma'aikaciya mai lulluɓi, babbar mace kamar ni, ta ce a buɗe jakar, don na'ura ta nuna mata wasu duwatsu a ciki. Na ce shi ke nan, ga rashin jirgi ga kamu. Ta ɗago kanwa tana juyawa, ta shinshina daddawa ta kau da kai, ta ɗago damin darbejiya. Turancina ya gudu. Sai kawai na rungume hannuwa kamar mai rarrashin jariri, na nuna ganyen, na yi alamar tsoma shi a ruwa ina fyaɗa wa jiki. Fuskarta ta washe.

"Pantang!" in ji ta.

Ashe su ma suna da jegonsu, haka suke kiransa, da wankan ganye da gashi da kwana arba'in da 'yan kai. Ta tambaye ni ko 'yata ce. Na buɗe baki zan yi bayani, Rahila ta riga ni ta ce e, 'yarta ce, haihuwar fari. Matar ta juya ta yi wa saurayin nan magana da Malayanci, gajeriya, irin wadda uwa ke yi wa ɗa. Nan da nan na ga ya ɗauki wayar tafi-da-gidanka yana magana, ya maƙala wa jakata takarda. Ita da kanta ta mayar da kayan ta zuge jakar, ta riƙe hannuna har ƙofar fita. Ko sallamar kirki ban yi da Rahila ba. Na waiwaya na hango ta cikin akwatunanta tana ɗaga mini hannu biyu, tana ƙwala mini kira wai Hajiya Subang. Sunan nan ya bi ni har yau, duk Sentul da shi ake kirana.

Da ƙafa aka taka zuwa jirgin, an ba kowa laima. Da na gan shi kusa na ce Nura bai kyauta mini ba, ɗan mitsitsi, ga fanka a kowane fiffike. Da ya tashi cikin hadari ya riƙa rawa da mu, na kama hannun wata tsohuwa da ke kusa da ni ban san ta ba. Ba ta ƙwace ba, sai ma ta ciro alewar citta ta sa mini a tafi. Can muka keta gajimare rana ta fito, na leƙa na ga daji kore shar, sannan gonakin shinkafa da bishiyoyin kwakwa da teku. Na yi hamdala ina hawaye ina tsotsar alewa.

Nura na tarar yana jira, kansa a ƙasa. Ya ce mu wuce asibiti, na ce a'a, gida zai fara kai ni, ai alkawarin bakin ƙofa na ɗauka. Ya sauke ni ya juya. Na share ɗakin, na canja zanin gado, na ɗora ruwa, na dama kunu, na sa turaren wutar Funtua har maƙwabta suka leƙo. Sannan na ɗaura zani na tsaya a ƙofa.

Da motar ta tsaya Nafisa ta fito a hankali, ta rame, tana riƙe da jaririyar kamar ba tata ba don kunya. Ta ɗago ta gan ni, ta shaƙi ƙamshin turaren, sai ta tsaya cak. Na karɓi yarinyar na ce ta shigo da ƙafar dama. Na kira Funtua na juya wayar yadda uwar za ta ga ƙofar da ni da 'yarta da jikarta. Matar ba ta iya cewa komai ba sai Allah ya biya ki, tana maimaitawa.

Washegari da sassafe Nura ya tsaya daga bakin kicin yana sosa ƙeya. Cikin ladabi ya roƙe ni in rage kanwa a kunu, kada kuma ruwan wanka ya yi zafin da zai ƙona. Na ce ya je ya yi likitancinsa a asibiti. Amma da ya tafi na rage kanwar, na kuma sirka ruwan, don gaskiya ya faɗa, ba dai zan gaya masa ba ne.

Na zaunar da ita a kan kujera 'yar tsugune, tururi ya cika banɗakin, ƙamshin darbejiya kamar a tsakar gidanmu. Na naɗe hannun riga, na yi bismillah, na tsoma ganyen na fyaɗa mata a gadon baya. Ta gantsare ta riƙo zanina da hannu biyu.

"Wayyo Mama!"

Ban sani ba ko ta Funtua take kira. Ban kuma tambaya ba. Na ce, "Na'am, 'yar nan, ga ni," na sake tsoma ganyen.